Ramin da Bai Kai Arba'in Ba

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana auna rami. Muna yara, in aka tambaye mu aikin iyayenmu a makaranta, 'ya'yan direbobi da na masu gadi kan faɗi nasu kai tsaye, ni kuwa sai in tsaya ina inda-inda. Na taɓa ce wa malamarmu, "Babana mai awon rami ne." Ta ɗauka gyaran titi yake yi, ni ma ban tsaya gyara mata ba.

A filin gwajin makamai yake aiki. Fili ne fetal a bayan gari, an kewaye shi da waya, ga gidajen ma'aikata can gefe inda muka tashi. Duk makami mai linzami da aka ƙera don fasa tankar yaƙi, kafin a miƙa wa sojoji sai an kawo shi nan an ga ko zai yi abin da masu shi suka ce zai yi. Ba tankar gaske ake harbi ba. Allon ƙarfe ake kafawa, mai kaurin santimita ashirin, a jingine shi a karkace yadda gaban tanka yake. A bayansa a jera fallayen kwano guda uku marasa kauri, waɗanda ake kira shaidu. Maharbi yana can nesa, tafiyar kilomita biyu, sai ya saki makamin ya riƙa bin sa da ido ta madubi har ya je ya daki allon. Wuta ta tashi, manyan baƙi su tafa. In hayaƙi ya lafa, masu duba wurin suka ce a iya matsowa, sai ka hango wani gajeren mutum ya fito daga bayan gini da sandar ƙarfe a kafaɗa, yana tafiya kamar ba abin da ya faru. Babana ke nan. Shi ke kafa allon kafin harbi, shi ke auna ramin bayan harbi, kuma kowa a filin, har Injiniya shugaban sashe, Mai Awo yake kiransa.

Wutar nan da ke burge mutane ba ta taɓa burge Baba ba. Cewa yake ta 'yan kallo ce. Shi abu uku kawai yake so ya sani: makamin ya sami allon, ya huda shi har bayansa, kuma me ya yi wa shaidu bayan ya huda. Sai ya zura sandarsa ta ramin daga gaba har ta leƙo ta baya, ya ga tsawonsa. Sandar ma shi ya sassara mata layuka da hannunsa, kowane santimita da tsagarsa, har ya kai babban yatsansa ya fi idonsa saurin karanta ta. Daga nan ya zagaya baya da alli, yana zagaye kowane huji a jikin shaidu yana ƙirgawa. A wurin ne kaɗai ban taɓa jin an ce ya yi wasa da kowa ba. Na tambaye shi dalili wata rana, ya ce, "Inda kwanon nan yake tsaye, a cikin tankar gaske mutum ne ke zaune. Ba wurin dariya ba ne." Ko fim ɗin yaƙi aka sa a gida, tashi yake ya koma ɗaki.

Amma fa ban da nan, Baba akwai surutu, kuma duk surutun a kan awo yake ƙarewa. Mun sha lacca a kan karkata har mun gode Allah. Da safe in Mama ta ajiye burodi, sai ya ja shi gabansa ya ɗauki wuƙa.

"Ku duba nan. In na yanka a miƙe, ga iya tafiyar wuƙa. In na karkata ta fa?"

"Tafiyar ta ƙaru, Baba," mu amsa a tare, ni da ƙannena, don mu samu a ba mu.

"Yauwa. Haka ƙarfe yake. Allo mai kaurin ashirin, in ka karkata shi digiri sittin, makami sai ya ci arba'in kafin ya fita. Ninki biyu cif."

Mama kan ce, "Malam, shayin yaran nan ya huce. Ka bar min burodina ya mutu a miƙe."

Ba ya jin haushi. Sai ya yi dariya ya miƙa mata yankan da ya fi kowanne tsawo, ya ce nata rabon na digiri sittin ne. Labulen falonmu sau uku aka sake rataye shi saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da kaurin yatsa. Tela ya daina karɓar ɗinkinsa. Kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar filin, kuma mun lura duk ranar da Mama za ta kawo maganar da ba ya so, sai ya san yadda ya yi ya zauna ta koma hagunsa.

Da na gama makaranta na sami aiki a ofishin filin, ni ke buga rahoton gwaji. Baba ya yi murna sosai, amma ya ce min a gida ne nake 'yarsa, a ofis Sakatariya ce ni. Haka kuwa ya riƙa kirana. Bayan kowane gwaji zai kawo takardarsa, ya ajiye a kan teburina da hannu biyu, ya ce, "Sakatariya, ga na yau." Takardar tana da layuka: karkatar allo, tsawon rami, yawan huji a shaida ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sai sa hannun mai awo a ƙasa. A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo masa da takarda ko ɗaya don gyara ba. Wannan shi ne duk abin da ya mallaka na alfahari, ba mota ba, ba gida ba. Injiniya ma ya riga ya ce ranar da zai ajiye aiki, za a karanta wannan a gaban kowa, a ba shi takardar yabo. Saura wata huɗu a lokacin.

Ni ce na fara ganin abin, kuma ni ce na yi shiru. Rubutunsa ya soma girma, lambobi suna hawa kan layi. Mama ma ta gani a gida, don ya koma miƙa mata kwalin magani yana cewa masu buga rubutun yanzu rowar tawada gare su. Ta ce ya je a duba masa ido. Ya ce idonsa garau, yana hango tsuntsu a kan wayar filin daga ƙofar gida. Gaskiya ne, na nesa yana gani a lokacin. Na kusa ne ya fara gudunsa, daga baya na nesan ma ya bi sahu. Na ce a raina wata huɗu ai kamar gobe ne, a bar tsoho ya gama da mutuncinsa.

Sai aka kawo sabon makami. Guda biyu kacal aka bayar na gwajin allo, kuma an ce in na farko ya yi, shi ke nan, an karɓa. Baba da abokinsa Mai Walda suka yi kwana uku suna kafa allon. Mai Walda ke juya jak ɗin da ke ɗaga allon, Baba ke ɗora ma'aunin kwana a jikin ƙarfen yana karanta 'yan ƙananan lambobinsa, har ya ce, "Tsaya, ya yi."

Ranar gwajin an cika rumfar baƙi, da masu kaki da masu kwat. Ni ina ofis, ta taga na ji ƙarar, gilashi ya yi rawa, can sai na ji tafi. Wanda ya fara shigowa ya ce min abin ya yi kyau ba a magana: makamin ya daki tsakiyar allon, ya fita ta baya, ya mai da shaidu rariya, har ƙafafun da ke riƙe da allon suka karye ya kife ƙasa. Sai da aka kawo injin ɗaga kaya kafin Mai Awo ya samu ya zura sandarsa. Na buga kan rahoton na ajiye, ina jiran lambobi kawai.

Bai zo da wuri yadda ya saba ba. Sai wajen ƙarfe uku, ofis ya yi tsit, kowa ya bi baƙi ɗakin taro, na ji takunsa. Ya ajiye takardar, amma bai ce Sakatariya ba. Ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a ofishina.

Na duba. Ya cike komai, ban da layin tsawon rami.

"Baba, ka manta ɗaya."

"Ban manta ba."

"To nawa ne? Arba'in ko?"

Ya kalli babban yatsansa. "Nan ya kamata ya tsaya, inda ya saba. Sai ya tsaya a talatin da ɗaya. Sau huɗu ina zurawa."

Ban gane ba da farko, na ce ai makamin ya huda ya fita, mene ne kuma?

"Ya fita, amma ba arba'in ya ci ba. Talatin da ɗaya ya ci. Allon bai kwanta yadda ya kamata ba, uwata. A hamsin na kafa shi, na ɗauka sittin ne. Lambobin ne suka haɗe min. Jarrabawa mai sauƙi na ba shi, ya ci. Ba mu san ko zai ci ta gasken ba."

Uwata yake ce min in abu ya kai masa iya wuya, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Jin haka a ofis sai na tashi na tura ƙofa. Ban ɓoye ba, abin da na faɗa masa ba abin kirki ba ne, kuma har yau ina jin kunyarsa. Na ce allon ya riga ya faɗi, ba wanda zai iya sanin yadda aka kafa shi. Jibi za a kwashe shi a kai juji a yanka. Ba mai sake zura sanda in ba shi ba. Duk rahoton da na buga a ofishin nan arba'in ne, hannuna ma ya saba.

"Kai ba sai ka rubuta komai ba, Baba. Ni zan buga. Wata huɗu fa ya rage."

Ya daɗe yana kallona. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

"Wanda za a ba abin nan ɗan wasu ne," ya ce. "Tanka na tunkaro shi, harbi ɗaya gare shi, ba ya da na biyu. Za a ce masa an gwada. Wa ya gwada? Ni."

Duk da haka bai je wurin Injiniya a ranar ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, muka taho gida tare. Wannan ne ya nuna min abin ya yi masa nauyi ƙwarai, don Baba ba ya kwana da takardar aiki. Mama ta ajiye abinci, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon kwanon. Ta dube shi ta dube ni.

"Wa ya mutu?"

Ni na ba ta labari, shi yana sauraro kamar na wani ake bayarwa. Na sa rai za ta goyi bayana, ko don takardar yabon da ta riga ta zaɓa wa wuri a bangon falo. Sai ta janye kwanon daga gabansa ta rufe, ta zagaya ta zauna a damansa inda zai ji da kyau.

"Malam, gobe da sassafe ka je ka faɗa. Ba don ni waliyyiya ba ce. Mutumin da ya hana mu sakat a kan labule, shi ne zai zauna da santimita tara a ciki? Wallahi ba za mu ƙara shan ruwa da daɗi a gidan nan ba. Ka je ka sauke, ka dawo min da mijina."

Baba ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Ya ce, "Za su karɓe sandar."

"Su karɓa. Sanda na aura?"

Washegari ƙarfe takwas yana ƙofar Injiniya, da rigar aikinsa a goge. An kira ni in ɗauki bayani, don haka komai a kan idona aka yi. Baba ya tsaya, ya ƙi zama, ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Abu na farko da ya fara cewa shi ne Mai Walda ba shi da laifi, juya jak kawai ya yi, shi ne ya ce a tsaya.

Injiniya mutum ne mai sanyi, amma ranar na ga jijiyar wuyansa. "Mai Awo, ka san baƙin nan sun tafi da labarin an yi nasara? Ka san makami ɗaya ya rage mana? In na biyun ya sami matsala, me zan ce?"

"Ka ce ni ne, ranka ya daɗe."

Injiniya ya dafe kai. Can ya ɗago ya nuna bango. "Karanta min kalandar can."

Ba ta fi taku huɗu daga inda Baba yake tsaye ba. Ya juya, ya ƙanƙance ido, ya daɗe. Na ji kamar in raɗa masa.

"Ranka ya daɗe, na san watan da muke ciki, amma ba daga can na sani ba."

Ba wanda ya yi dariya. Na sunkuyar da kai a kan littafina, hawaye na ɗiga a kan abin da na rubuta. Injiniya ya ce, a hankali, ba zai iya barin sa a kan awo ba, ya kuma san Baba ya san haka. Baba ya ce ya sani. Ya nemi biro, ya cike layin da ya bari, talatin da ɗaya, da manyan lambobi. Ya gyara na karkata ya mai da shi hamsin, ya sa hannu a kan gyaran.

An mai da shi sito, wurin ba da safar hannu da hular kwano da abin toshe kunne. Maganar takardar yabo kuwa ba wanda ya sake tayar da ita, don abin da za a karanta a cikinta ya riga ya daina zama gaskiya. Mama ta ja shi asibiti aka ba shi tabarau, ya riƙa ƙorafin yana sa shi jiri, ƙasa tana tasowa. Mai Walda kan zo ya zauna a bakin siton lokacin hutu, su raba shayi, yana zolayarsa wai yanzu safar hannu ma sai an auna yatsun mutum kafin a ba shi. Wasu a filin sun ce Mai Awo ya yi abin kirki. Wasu sun ce tsufa ne da neman suna, ya jawo wa kowa aikin mako shida a banza. Duka yana ji ta kunnen da ya ga dama.

Bayan mako shida aka kafa sabon allo, mutum biyu suka karanta ma'aunin, aka ɗauki hoto. Ba baƙi a rumfa wannan karon. Aka harba na biyun. Sabon mai awo ya kawo min takarda, Injiniya ya ba ni bayanin da zan sa a ƙarshe, na buga. Kafin in kai a sa hannu, na bi ta sito da fayil ɗin a hammata.

Baba yana jera huluna. Da ya gan ni ya cire tabarau ya ajiye.

"Sakatariya. Na ji ƙarar. Karanta min."

"Karkata, sittin."

"Rami?"

"Arba'in, Baba. Ya huda ya fita."

Ya lumshe ido. Ya tambayi shaidu, na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Raina ya ɓaci a lokacin, ban iya riƙewa ba. Na ce ashe da an yi shiru ma duk ɗaya ne, makamin lafiyarsa lau, shi kaɗai ne ya yi asara.

"Ba ɗaya ba ne," ya ce. "Da, sa'a muka yi. Yanzu mun sani. Ci gaba."

Na karanta kwanan wata da sa hannun sabon mai awo, na rufe fayil.

"Kin tsallake layi."

"Ban tsallake ba."

"Uwata, shekara nawa ina kai takarda ofishin nan? Akwai bayani kafin sa hannu. Karanta."

Na sake buɗewa na karanta. "An soke gwajin farko saboda kuskuren mai awo wajen kafa allo, wanda shi da kansa ya gano shi, ya kuma kawo rahoto ba tare da an tambaye shi ba."

Ya juya hular da ke hannunsa.

"Farkon na Injiniya ne. Ƙarshen fa?"

"Nawa ne."

"Cire."

"Ai gaskiya ce, Baba."

"Ba a ce ki sa ba. Cire, ki kai masa yadda ya ba ki."

Na ce, "To, Baba." Na fito na bi dogon barandar nan har ofishin Injiniya, ban tsaya a teburina ba. Na ajiye fayil ɗin a gabansa. Ya karanta daga sama har ƙasa, da ya zo layin ya tsaya, ya sake karantawa. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Sai ya ɗauki biro ya sa hannu.

Baba ya ajiye aiki ranar wata Alhamis, ya miƙa makullin sito ya taho gida a ƙafa. Har yau bai san ban cire ba, kuma na roƙi Mama kada ta gaya masa.